Kabad ɗin Kaka

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya ce ranar Asabar ta sama mai sayen tsofaffin kaya zai zo ya ɗauke kabad ɗin marigayiya Kaka, wai ya zama abin kunya a falo. Na ga Mama tana shafa murfinsa. Na mahaifiyarta ne. Na roƙi Baba ya bar ni in gyara shi. Ya ce tunda na gama jami'a ina zaman jiran aiki, bismillah, amma in bai yi kyau ba, sai ya fita.

Na duba: katakon lafiya lau, ba gara. Fentin ne kawai ya kwaile.

Laraba, 5 ga Maris

Na sassaƙa hatimi da reza a tafin tsohon silifas. Siffar ganye. Na uku ne ya fito daidai. Na yayyanka shuɗiyar takarda da bangon tsofaffin mujallu na manna a murfin da gam. Yaya ya wuce ya ce wai digiri a ilimin sinadarai ya ƙare a silifas. Na yi dariya, ko da yake maganar ta ɗan taɓa ni.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwaji a kan jarida kawai. Ban taɓa kabad ɗin da hatimin ba tukuna. Tawada ba ta goguwa.

Lahadi, 9 ga Maris

Na buga! Da rula, tazarar santimita huɗu tsakanin ganye da ganye. Mama ta kawo kujera ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin abin da Kaka ke ɓoyewa a aljihun ƙasa: almakashi, allurai, da alewar da ba ta ba kowa sai mai kuka. Rabon da in ji daɗin yini haka, na manta.

Talata, 11 ga Maris

Na shafa man ƙyalli a murfin hagu, ganyen suka narke suka zuba. Tawadar mai ruwa ce, ban bari ta bushe sosai ba. Ni da na karanci wannan! Na kasa cin abincin rana. Mama ta ce, "Ke dai yi ta yi, uwata. Kakarki ma ba ta taɓa ɗinka abu sau ɗaya ba."

Alhamis, 13 ga Maris

Na rufe ɓarnar da yagaggun takardu, ba yankakku ba. Gefensu ya fi laushi. Ban so in yarda ba, amma hagun ya fi daman kyau.

Asabar, 15 ga Maris

Mai sayen tsofaffin kayan ya zo da kurarsa da hantsi. Saura layi ɗaya ban buga ba. Baba ya tsaya a kaina, hannu a baya, ya daɗe. Sai ya ce, "Wannan abin, dannawa kawai ake yi?"

Na miƙa masa hatimin. Ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Ganyen ya karkace, tawadar ta yi yawa, ya kuma hau kan na kusa da shi. Ya fita ya ba mutumin haƙuri, ya haɗa shi da tsohuwar fanka.

Akwai sauran shuɗiyar takarda da zai rufe wurin tsaf. Na auna, zai isa. Na mayar da shi cikin aljihun ƙasa.