Masu Tura Lori

Gadarif, ranar Litinin

Zuwa ga maigidana Ubaidullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a gonakin Simsim. Yaya yankan riɗi? Mu lafiya lau, sai kewarka.

Ka tuna tsohon fim ɗin yaƙin nan da kakata Haboba Jummare ta ishe mu da zancensa, wai Turawa sun zo nan sun ɗauka, har marigayi kakana Husaini ya fito a ciki? To, Malam Waleed na makarantarmu ya samo mini shi. Ka san Haboba ba ta da hoton mijinta ko ɗaya, ga idonta kullum ƙara dushewa yake. Burinta ta ga fuskarsa kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Na fara kallo ni kaɗai, wallahi raina ya ɓaci. Kowane Bature da sunansa, da matar da ke jiransa a gida. Karen kwamandan ma suna gare shi! Namu kuwa dakon akwatunan harsashi kawai suke, ba ka ganin komai sai ƙeya. Ko kalma ɗaya ba a ba su ba. Yaya zan zaunar da tsohuwa in nuna mata ƙeya? Kullum tana tambaya, ni kuma ina ta kame-kame.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Lamis

Gadarif, ranar Juma'a

Maigidana,

Assalamu alaikum, da fatan gajiyar aiki ta bi lafiya.

Jiya bayan la'asar Haboba ta tasa ni gaba, dole na kunna mata. Ta matso har hancinta na taɓa gilashin kwamfuta, amma inuwa kawai take gani. Na ji kamar in fashe da kuka.

Sai aka zo inda lorin sojoji ya kafe a baƙin taɓon nan namu na damina, mutanenmu suna turawa. Ashe ranar farko haushi ne ya toshe mini kunne. Waƙar yankan riɗi suke yi, irin wadda kuke yi yanzu haka, ɗaya na bayarwa, saura na amshi. Haboba ta ja da baya, ta rufe ido, ta kama amshi. Mai bayarwar kakana ne. Ta ce ko a cikin dubu ta san muryar, don shi kaɗai ke shigowa da wuri, bai taɓa iya jiran amshi ya ƙare ba. Ka ga inda na gado rashin haƙuri!

Ta sa na maimaita wurin, ta gano muryar baban Sabuwa maƙwabciyarmu, da ta wasu ma. Labari ya bazu, tun safe mata ke sallama a gidanmu, kowace na son jin muryar mahaifinta.

Haushina na nan, amma mun yanke shawara. In kun gama girbi za mu nuna fim ɗin a filin makaranta. Ka zo da abokan aikinka su yi amshi. In an iso wurin lorin, Haboba za ta miƙe ta kira kowa da sunansa, da sunan ubansa.

Ka gaishe da kowa.

Taka har kullum,
Lamis