Sakan Arba'in da Ɗaya

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Ranar 31 ga wata za a kai gem ɗinmu baje-koli a Legas. Oga George ya rubuta ranar a jikin allo da jan maka. Mu huɗu ne yanzu a ofishin nan na unguwar Gudu a Abuja: shi Oga, da Marvel mai zana bindigogi, da ni mai haɗa sauti, sai Prudence da ta fara yau. Aikinta ta yi ta buga gem ɗin tana rubuta duk inda ya lalace.

Na yi mata bayani da safe. Sunansa Kufai. Abuja ce bayan komai ya ƙare, ciyawa ta fasa kwalta, mutane suna kashe juna a kan jarkar ruwa. Bindigogi goma sha ɗaya. Shida na gaske, irin su AK-47 da G3 da bindigar toka ta mafarauta. Biyar Marvel ne ya ƙirƙiro su daga kansa: Walƙiya mai aiki da batirin inbata, Mai Ƙusa, da wata ƙatuwa da ya haɗa da fayif da injin markaɗe, ya sa mata suna Gwaggo, wai in ta fara magana ba ta tsayawa. Prudence ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce tana da irinta a gida.

Bindigogin ƙirƙira ba sa ba ni wahala. Ba wanda ya taɓa jin kukansu, duk abin da na sa daidai ne. Na gasken ne matsala. Oga ya saurari AK ɗina ya ce, "Tawfiq, wannan ai nokawut ɗin Kirsimeti ne. Ka samo mini na gaske."

Laraba, 7 ga Mayu

Na samo. A cikin tsofaffin fayil ɗina akwai wani bidiyo da aka taɓa turowa guruf ɗinmu na 'yan makaranta, shekara uku ke nan. Minti ɗaya da sakan goma. Ba a ganin komai sai ganyen masara da sararin asuba, hannun mai ɗauka yana rawa. Amma sautin! Harbi daga nesa, da amon da yake dawowa daga dutse. Ba a iya ƙirƙirar wannan.

Na sa manhaja ta ware muryoyi gefe, harbi gefe. Muryoyin na zuba su a fayil ɗaya, na sa masa suna "hayaniya". Harbin na shimfiɗa shi a matakin Dei-Dei, inda mai wasa yake lallaɓawa tsakanin matattun tireloli da tarin rodi. Akwai wani ƙarfe da ake bugawa can baya, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na bar shi, yana ƙara tsoro. Matsalarsa ɗaya, yana katsewa farat ɗaya, sai na yanke daidai nan na sa ya riƙa maimaita kansa.

Oga ya sa hedfon, ya lumshe ido. "Yawwa." Kalma ɗaya, amma ta ishe ni.

Alhamis, 8 ga Mayu

Prudence ta gano kuskure ashirin da uku a kwana huɗu, har da G3 mai harbi ta cikin bango. Marvel ya fara jin haushinta. Ta zo da gwaten acca a fulas, ta ba kowa cokali biyu, haushin ya wuce.

Litinin, 12 ga Mayu

Ban san ta ina zan fara ba.

Wajen sha ɗaya ta iso matakin Dei-Dei. Na juyo da kujerata ina kallon bayanta, don ina son in ga yadda sautin zai kama ta. Sai na ga mutumin nata na cikin gem ya tsaya cak a fili. Aka harbe shi. Gem ya dawo da shi, aka sake harbe shi. Hannunta yana kan maus, ba ya motsi.

Ta cire hedfon da hannu biyu, ta ajiye a hankali. Ba ta juyo ba.

"Malam Tawfiq, a ina ka samu wannan?"

Na ce a intanet.

"Wannan ƙarfe rim ɗin tifa ne. An rataye shi a jikin mangwaro, bayan cocinmu. Yana da tsaga a gefe, shi ya sa yake kuka haka."

Allah ya yafe mini, dariya na yi. Na ce rim ɗin tifa ai da yawa a ƙasar nan.

Ta zare wayar hedfon ɗin, sautin ya cika ofis. Ta fara ƙirgawa kafin harbin ya zo. "Uku. Shiru. Biyar. A nan kare yana haushi, amma ka cire shi."

Na cire karen. Ranar Laraba, da hannuna.

"Babana ne yake bugawa," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta sauka. Ta bar fulas ɗinta a kan tebur.

Ba wanda ya tashi ya kashe sautin sai da ya zagayo sau biyu.

Talata, 13 ga Mayu

Ba ta zo ba. Wayarta a kashe.

Laraba, 14 ga Mayu

Marvel ya bincika wajen wata 'yar cocinsu da ta fito yanki ɗaya da ita. Baban Prudence shi ne katikis na ƙauyen, shi yake buga ƙarfen don kiran mutane sujada. Ranar da mahara suka shigo da asuba, kowa ya gudu, shi ya nufi mangwaron yana bugawa don waɗanda ba su farka ba. A gindin bishiyar aka same shi. Ita tana Abuja a lokacin. Bidiyon nan shi ne kawai abin da ta samu na safiyar.

Ban tambaya su wane ne maharan ba. Marvel bai faɗa ba, bai kuma kalle ni ba.

Na buɗe ainihin bidiyon. Ƙarfen yana tsayawa a sakan arba'in da ɗaya. Kafin ya tsaya akwai harbi ɗaya, shi kaɗai, wanda ya fi sauran kusa. Daidai nan na yanke. Daidai nan na sa ya koma farko.

Wato a cikin gem ɗinmu duk sakan arba'in da ɗaya mutumin nan yana sake farawa, ana sake kashe shi. Na saurari wurin ya fi sau ɗari biyu ina daidaita shi. Har na ƙara wa harbin ƙarshen nauyi don ya fi daɗin ji.

Na yi amai a banɗaki. Na wanke baki na dawo na zauna, don ban san inda zan je ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na faɗa wa Oga komai. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Mutum nawa ne za su gane?" Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya rufe fuskarsa da tafin hannu, ya daɗe. "Ni na ce ka samo," ya ce. "Cire shi yau."

Marvel ya ce a fitar da bindigogin gaske gaba ɗaya, a bar nasa. Oga ya ce ba wanda zai tsaya a rumfarmu in babu AK. Suka yi ta yi har azahar. Ba a cire bindigogin ba. Ni ban sa baki ba. Da wane baki.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na cire sautin daga gem jiya. Yau na zo share sauran. Da na iso kan "hayaniya" sai na tuna ban taɓa sauraronsa ba. Ko sau ɗaya.

Murya uku. Numfashin mai riƙe da waya. Wata mata tana kuka ƙasa-ƙasa. Sai wani namiji daga nesa yana ihu da wani yare da ban sani ba. Da harbin ya fita, muryarsa ta fito fes. Kalma ɗaya na gane: Joy. Sau huɗu.

Na kasa sharewa. Na je masallaci, na dawo, ban iya tuna ko jimla ɗaya ta huɗuba ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Unguwar Durumi, bayan la'asar. Marvel ya kwatanta mini gidan, na ɗauki fulas ɗin a matsayin dalili. Ɗaki ɗaya ne a jerin ɗakuna, labule shuɗi, ana jin keken ɗinki daga ciki. Ta fito ta ja ƙofar. Ba ta ce in shigo ba.

Na fara ba da haƙuri. Ta ɗaga hannu. "Ba na so. Ajiye fulas ɗin."

Na ajiye. Na ce akwai murya. Na ce namiji ne, yana kiran Joy.

Ta ce babu. Ta ce ta saurari bidiyon nan har wayarta ta farko ta mutu, ba a jin kowa sai harbi da ƙarfe. Na miƙa mata iyafis ta sa a kunne. Ta daɗe tana kallonsa a hannuna kafin ta karɓa.

A tsaye ta fara saurara. Da aka gama tana zaune a ƙasa, a kan simintin bakin kwata. Ta ce in sake. Na sake sau uku.

Ban tambaye ta ba, ita ta fassara, ba ni take kallo ba. "Joy, gudu. Joy, kada ki dawo. Bi ta rafi. Joy, na ce kada ki dawo. Joy."

Ta nuna labulen da haɓarta. Joy ƙanwarta ce, ita ce a kan keken. Tana tare da babansu a safiyar ranar, ta gudu cikin masara, ta ji yana kiran sunanta a bayanta. Shekara uku tana cewa kiranta yake yi ta zo ta taimake shi, ita kuma ba ta waiwaya ba. Ba ta sake taka coci ba. Ba ta yarda a ambaci gida a gabanta.

Na jingina da bango.

"Tura mini," ta ce. "Sannan ka share naka, a gabana."

Na yi. Ta duba wayata da kanta, har kwandon shara.

"Kada ka ɗauka na gode maka."

Na ce ban ɗauka ba.

Keken bai tsaya ba har na fita daga layin.

Talata, 20 ga Mayu

Dei-Dei ta gaske, da rikoda a hannu. Na roƙi wani direban tirela ya yi ta buga ƙofar baya, ya yi sau goma sha biyu yana mini kallon mahaukaci. Rodi a kan siminti. Katako a kan kwano. Bulalar wani mai shanu. AK ɗinmu yanzu ƙofar tirela ce da bulala. Oga ya saurara ya ce akwai abin da ya rage. Na ce na sani.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na koma cikin tsofaffin fayil ɗin. Akwai irin bidiyon nan guda goma sha huɗu. Sha huɗu. Wasu na ma sa musu suna: "harbi nesa mai kyau", "harbi da ruwan sama". Rubutuna ne. Na san ranar da na rubuta.

Ban buɗe ba, ban share ba. In akwai wata Joy a ciki fa? In kuma na buɗe, wa zan kai wa?

Umma ta tambaye ni me ya sa tuwona yake dawowa. Na ce ulsa.

Litinin, 26 ga Mayu

Ta dawo. Ta gaida Oga, ta gaida Marvel, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida mutum a lifta. Oga ya fara wani jawabi, ta ce aiki ta zo yi.

Kafin a tashi ta rubuta kuskure goma sha ɗaya. Na bakwai nawa ne: AK yana ƙara kamar ƙofa. Na je na tambaye ta ko in gyara. Ta ce, "Bar shi haka." Tana haɗa jakarta ta ƙara da cewa Joy ta saurara sau ɗaya. Jiya ta tambaya a ina aka binne babansu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Gwajin ƙarshe kafin su tafi Legas. Oga ya ce kowa ya buga daga farko zuwa ƙarshe. Ni na fi kowa daɗewa, minti hamsin da biyu. Ta ƙarƙashin tireloli na bi, ta bayan shanu, na jira masu gadi su juya baya. Ban san ma ana iya bi ta can ba.

Marvel ya leƙo allona a ƙarshe, inda gem yake nuna lissafi. Harsashin da aka harba: sifili. Ya ce, "Mutumina, da Gwaggo a kafaɗarka tun matakin farko?"

Na ce maus ɗina ne yake ba ni matsala.

Ya miƙo hannu ya danna. Gwaggo ta buɗe wuta a jikin bango. Ya saki, ya kalle ni, ya koma kujerarsa.

Gobe zan duba maus ɗin.