Yaya, Na Bar Hanyar Gwanja

Zuwa ga Yaya Haruna, a duk inda takardar nan ta riske ka a hanyar Makka.

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Inna tana gaishe ka, tana nan da ƙarfinta sai ciwon gwiwa.

Bayan haka, damina shida ke nan da ka nufi gabas, ka bar mini jakuna da fataucin goro. A ƙofar gida ka tsaya ka ce, "Kada ka bar hanyar Gwanja, ita ta ciyar da Baba." Na ce to, don ban saba yi maka musu ba.

Sau biyu na je. A tafiyar ƙarshe jakuna uku suka mutu a hanya. Da muka iso Kano muka tarar goro ya cika kasuwa, jirgin ƙasa ya kawo shi daga Ikko ɗanye shar, namu kuwa ya fara yaushi. Dillalin da yake tarbarka da shimfiɗa ko buɗe huhunmu bai yi ba.

Na dawo Dutse na ce zan juya jakunan ga dakon gyaɗa, tunda ita Turawa suke saye. Kawu Sale ya tara dangi ya hana, wai mai dukiya ya riga ya yi magana. Kaka guda na zauna ina kallon mutanen Jahun suna wucewa da kaya, namu jakunan suna cin harawa a turke.

Da shekara ta zagayo na saɓa wa Kawu. Na bi ƙauyuka har Buji na tara gyaɗa, na kai Kano, sai aka ce Turawa suna yaƙi a ƙasarsu, sun rage saye. Har yau Kawu ba ya amsa gaisuwata, yana cewa alhakinka ne ya kama ni.

Abin da ke ƙona mini rai, Yaya, umarni ka bar mini, ba ka bar mini izini ba. Kasuwa tana juyawa kowace kaka, ni kuma an ce in jira amsar mutumin da ban san ko ya haye teku ba.

Yanzu na raba jakunan. Rabi suna kai dabino da fata Kano, rabi gyaɗa, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta riƙe gidan. Gwanja kam na bar ta. Ba shawara nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Amma na yi kewarka. Da ka ga kasuwar nan da idonka, na san kai za ka fara cewa mu juya. 'Yarka Hajara ta fara kaɗi, zarenta na farko ta ajiye ta ce na rawaninka ne.

Allah ya karɓi ibadarka, ya dawo da kai ka same mu da rai. In ka zo ka yi mini faɗan, zan durƙusa in saurara.

Ƙanenka,
Isa