Yaya, Sun Hana Hafsat Ajinta Saboda Kai

Assalamu alaikum, Yaya Sabo. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka ce daga unguwar Longsight, nan ƙasar Turawa.

Bari in fara da yabon manyanmu na kwamitin islamiyyar Asabar. Masha Allah, ilimi ya yi rana. Likitoci da injiniyoyi sun zauna sun gano cutar da ke bin jini daga uba zuwa 'ya, sunanta liberal. Kai ka mutu da ita, 'yarka Hafsat ta gada, don haka sun karɓe ajin yaran da take koya wa Alƙur'ani.

Ka san laifin naka. Ranar da maƙwabcinka na unguwar Lozells a Birmingham ya rasu, tsohon nan ɗan Jamaika da ya yi ta kai ka asibiti lokacin da ƙodarka ta fara, ka shiga coci ka tsaya bayan matarsa. Da aka yi maka magana ka ce, "Ya ɗauke ni ina raye, ba zan raka shi ba?" Shi ke nan, aka liƙa maka suna.

Ni 'yar kasuwa ce, Yaya, ina gane kayan da aka canja wa kwali. Lokacin zaɓe, liberal jam'iyya ce mai cusa takarda ta ƙofa. Dilana na Cheetham Hill, in zai tsawwala, sai ya ce kasuwa liberal ce, kowa da farashinsa. Baturen ofishinku da ya zo ta'aziyya cewa ya yi kai liberal ne, ba kamar sauranku ba. Wai yabo ne. A falonka ya zage mu duka, da kofin shayinmu a hannunsa.

Shi kuwa Dakta, shugaban kwamitin, da kunnena na ji shi a walimar wurin aikinsa, ranar da na kai musu sinasir, yana gaya wa turawa shi Musulmi ne very liberal. Kalma ɗaya: Litinin a wurin aiki riga ce, Asabar a islamiyya bulala.

Hafsat ba ta yi kuka a gabansu ba. Gidana ta dawo ta tambaye ni, da Hausarta mai ƙamshin Birmingham, ko Babanta mutumin banza ne. Na ce mata kai ka koya mata Fatiha a kan cinyarka, kana gyara mata harafi kana dariya. Na ce Asabar ta buɗe ajinta a falona. Uwaye uku sun ce za su kawo nasu, sauran suna jiran su ga fuskar Dakta.

Allah ya jiƙan ka, Yayana, ya haskaka makwancinka, ya ba ka maƙwabta irin yadda ka zama wa naka.

Taka har kullum,
Binta

Af, na manta. Dakta bai samu zuwa jana'izarka ba, wai hanyar Birmingham da nisa. Matar maƙwabcin nan kuwa, da sandarta, ta wuni da mu. A cikinsu wa ya kamata a tura islamiyya?