Baƙar Ƙasar Gonar Baba

Takur, Dutse
4 ga Yuli, 1993

Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara.

Kin san gonar Baba ta faɗa cikin filin sababbin gidaje, kuma ni kamfaninmu ya ɗora a kan tsara wurin. Itatuwa ɗari uku na sa aka dasa a bakin tituna. Duk sun bushe, ga shi tsakiyar damina. Ruwa a sama yake kwanciya, ya ƙi shiga. Jiya na tona da hannuna, ko tana ɗaya ban gani ba.

Don Allah ki tambayar mini Baba yadda ake gyara irin wannan ƙasa. Kada ki ce ni na aiko.

Ƙanenki,
Maharazu

Kiyawa
11 ga Yuli

Maharazu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

To, injiniya, yau kuma ilimin ya ƙare? Ka zaci ban ji ba. Ranar da katafila ta shiga gonar, Baba ya taka har wurinka. Bai ce a bar masa gona ba. Cewa ya yi ka kwashe baƙar ƙasar sama ka tara ta gefe, in an gama gini a mayar, don shekara talatin shanun Fulani suna kwana a kanta. Ka ce masa, a gaban leburori, “Baba, wannan aikin masu ilimi ne.” Tun ranar bai ƙara ambatar sunanka ba.

Ba zan yi masa ƙarya ba. Ka huta lafiya.

Yayarka

Takur
18 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Haka na faɗa, har da dariya. Ƙasar kuma a rami na sa aka zuba, aka danne da marmara. Bushewar itatuwan ba ta kai maganar nan ci mini rai ba. Kunya ta hana ni zuwa gida. Ki karanta masa wannan, ki ce ya yafe mini.

Maharazu

Kiyawa
25 ga Yuli

Maharazu,

Na karanta masa, sau biyu. Ya ce ka farfasa marmarar, ka zuba taki da ƙaiƙayi, ka shuka wake, ka hana mota hawa. In Allah ya so, nan da shekara bakwai ƙasar za ta farfaɗo.

Na ce, “Shi Maharazun kuma fa, Baba?”

Ya ce in miƙo masa buta.

Sai ka zo da ƙafarka.

Safara'u