Turakun da Aka Kafa a Kwarin Gawo

Zuwa ga mai girma Konseye Malam Habu, wakilin Zangon Aduwa da ƙauyukan da ke kewaye da shi a majalisar Magaria.

Daga hannun Babban Mai Duba Ayyukan Karkara na ƙasa baki ɗaya, wanda ya taso daga Yamai bai yi sallama da kowa ba, ya sauka ƙasar Dungas bai nemi masauki ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da motar da ake ba ka aro. Kada ka yi mamakin ganin takardar babban mutum kamata da ajami. Mai buga mini mashin na rubutu yatsansa ya kumbura, kuma dama so nake duk wanda ya taɓa riƙe allo ya karanta da kansa. Na sa an yi ta uku. Ɗaya tana jikin tsamiyar kasuwar Dungas, ɗaya za a karanta a ƙofar masallacin Zangon Aduwa bayan an sauko Juma'a, ta ukun kuwa direban kamyo, babbar motar kaya, zai miƙa maka hannu da hannu. Saboda haka ba kai kaɗai kake ji ba.

Na shiga ƙauyen nan a kan jaki, da tsohuwar taguwa, don kada a gane ni. Ba wanda ya gane ni. Ga abin da na gani.

Na ɗaya. Ba zan ɓoye alherinka ba. Rijiyar siminti da ke bakin gari kai ka tsaya aka gina ta, kuma kai ka kawo masu allurar shanu har ruga. Mata suna yi maka addu'a in suna jan guga. Na rubuta wannan da fari don kada a ce babban mutum ya zo da ƙiyayya.

Na biyu, maganar burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki daga rugar Jauro Bello zuwa rijiya, daga rijiya zuwa daji. Tsohon burtali a kan tudu yake tafiya. A karkace yake, gaskiya ne, yana lanƙwasa nan yana lanƙwasa can, kakanni sun dasa masa aguwa dama da hagu. Da ranin bara ka zo da wani saurayi ɗan biro, ma'aikacin ofis, mai doguwar igiyar awo, ka ce wannan karkata ɓata ƙasa ce da ɓata lokaci, za a miƙe hanya. Aka ja igiya daga ruga zuwa rijiya, sai ta ratsa ta tsakiyar Kwarin Gawo. Aka kafa turaku, aka shafa musu farar ƙasa. Ranar kwarin a bushe yake ƙayau, ƙasa ta tsattsage. Ka buga ta da diddigen takalminka ka ce ko kamyo zai wuce.

Shaiduna sun tabbatar mini cewa wani tsoho, Baba Ɗan Jimma, ya matso ya ce: "Ranka ya daɗe, nan gidan kwaɗi ne, ka jira damina ka gani." Ka amsa masa cewa kwaɗin ma sai sun bi doka. Daga bayan taro wani shaƙiyyin saurayi ya yi kukan kwaɗo, har sau uku, da kumbura wuya. Jama'a suka kwashe da dariya, kai ma ka dara. Tsoho ya buɗe baki zai ƙara magana, dariya ta hana a ji shi, ya ja sandarsa ya tafi gida. Kafin la'asar ka shiga mota. Shi ke nan, tun daga ranar ba ka sake taka Kwarin Gawo ba.

Na uku. Tsohon burtali ba a bar shi ba. An sare aguwar, an yanka hanyar gutsure-gutsure an haɗa da gonakin da ke gefenta. Gida goma sha ɗaya suka samu. Maigari ya samu. Shi kansa Jauro ya samu, don shi ma manomi ne, geronsa bai fi na kowa ƙanƙanta ba. Ina faɗin haka ne don ka san babu mai tsabtar hannu a maganar nan, kuma shi ya sa babu wanda zai iya kwance ta a cikin gari. Kowa ka tambaya sai ya ce zai saki nasa in maƙwabcinsa ya saki, kuma wa ya isa ya tuge turken da gwamnati ta shafa wa fari?

Na huɗu, abin da damina ta yi. Ruwa biyu masu ƙarfi suka isa. Kwarin ya cika, lakarsa ta zama kamar kunu. Rana ta farko shanu suka shiga, laka ta kai musu ciki. Wata saniya mai shayarwa ta karye ƙafa, a nan cikin ruwan aka yanka ta, maraƙinta yana kuka a bakin gaɓa. Wane makiyayi ne zai sake tura dukiyarsa can? Tudu an nome, kwari ya cika, shanu kuwa dole su sha ruwa su je kiwo. Sai suka riƙa bi ta gefen kwarin, inda ƙasa ta ɗan yi tauri. Gefen kwarin nan ba daji ba ne, gamanar wata bazawara ce mai suna Hajo, ɗan filin da mijinta ya yanka mata kafin ya rasu, wanda take nomawa da hannunta. Gero da gyaɗa ta shuka bara. Safe shanu su bi, yamma su dawo. Da kaka abin da Iya ta ɗauko, wato ita Hajo, haka na ji ana kiranta, bai cika zanin da ta ɗaure shi a ciki ba.

Kada ka ce laifin makiyaya ne. Na auna wurin da ƙafata. Ko ni ne saniyar, nan zan bi.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni zama. Hajo tana da ɗa babba, Issufu. Jauro yana da ɗa, Buba, shi ke kora shanun. Issufu da Buba tare aka yi musu kaciya, a bukka ɗaya suka yi jinya. Buba in ya shigo gidan Hajo ba ya sallama, tukunya yake buɗewa. Bara, ana tsakiyar noma na biyu, suka haɗu a bakin gamanar. Issufu ya ce masa: "Ɗan Jauro, shanunka sun ƙoshi da geron uwata, ko in kawo musu miya?" Buba ya ce: "Je ka tambayi wanda ya kafa turaku, ni fikafikai zan sa musu?" Magana ta hau magana. Aka ɗaga ƙotar hauya, aka ɗaga sanda. Buba ya bar haƙora biyu a wurin. Issufu aka ɗauke shi a amalanke zuwa gidan likita, aka ɗinke masa kai. Maigari da Jauro suka rufe maganar don kada jandarma su ji, aka yi musu fatiha, suka taɓa hannu kowa yana kallon wani gefe.

Ka san abin da ya biyo baya? Matan ruga sun daina shigowa da nono unguwar su Hajo, da ruwan tsamiya ake dama fura. Da kaka, lokacin da aka saba sakin shanu a gonaki su ci kara su bar taki, ko kofato ɗaya bai kwana a gonar gidan ba. A masallaci sahu ɗaya ake tsayawa, amma in an sallame kowa ƙofarsa daban. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna aurayya da biki tare!

Yanzu an yi ruwan shuka, yau kwana tara. Gero ya fito. Hajo ta sake shuka gamanarta, don ba ta da wata. Issufu ya kafa bukka a kusurwar filin, kuma na ga abin da ya soke a cikin rufin bukkar, ba hauya ba ce. Buba ya fara fita kiwo da takobin kakansa a kafaɗa, ya ce wai saboda kuraye. Rabon da a ga kura a dajin nan tun kafin a haife shi. Kwarin ya fara yin danshi, kullum yamma gabas sai ta haɗe. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya rage, Konseye. Ɗaya.

Na shida. Kada ka ce ba a gaya maka ba. Maigari ya aiko maka da ɗan aike bayan faɗan, ka ce za ka duba. Liman ya tare ka a wurin suna a Mallawa, ka ce bayan sallah. Sallah ta wuce, wata sallar ma ta wuce. Watan jiya Hajo da kanta ta tashi, mace mai ciwon gwiwa, rabi a amalanke rabi a ƙasa, ta je har ƙofar gidanka a Magaria. Ta zauna a zaure daga hantsi har la'asar sakaliya. Aka ce mata kana taro. Ta ji muryarka a cikin gida kana dariya. Ta bar maka ɗan ƙunshin kuka da ta zo da shi, ta juyo. Da ta dawo aka tambaye ta, sai ta ce: "Ai manya aiki ya yi musu yawa." Ta kwana biyu ba ta iya miƙe ƙafa ba.

Amma na ji labari, lokacin da aka ce wani baƙo daga Damagaram zai ratsa ta Bande, kwana ɗaya tak ya ishe ka ka tara makaɗa ka sa aka share hanya. Ashe ƙafarka lafiya lau take. Abin da take so ta ji shi ne wane ne ke kira.

To, ga abin da nake nema.

Ka zo Zangon Aduwa ranar Lahadin nan da hantsi. Ka bar mota a bakin rijiya. Ka tuɓe takalmi, ka naɗe wando, ka bi turakunka ɗaya bayan ɗaya daga farko har ƙarshe. In ka fita ta wancan gefen da tsabtar gwiwa, a bar su inda suke.

In ba haka ba, ka tuge turke na farko da hannunka, a gaban jama'a. Ɗaya kawai. Sauran za a tuge maka kafin ka wanke ƙafa.

Ka tara gidaje goma sha ɗayan nan ka ce a mayar da hanya kan tudu tun geron bai yi tsawon da za a ji ciwon sare shi ba. Issufu ma yana cikinsu, shi ma ya ci gutsuren burtalin, ban ɓoye ba. Ya rantse in ka faɗa da bakinka shi zai fara saki. Jauro ya ce shi ne na biyu.

Ka aika a ɗauko Baba Ɗan Jimma, ya tsufa ƙwarai amma idonsa na gani, ya nuna inda kututturan aguwa suke. A wannan karon a bari ya gama magana.

Na san tun daga layin farko gabanka yake faɗuwa. Wataƙila ka riga ka sa a wanke babbar riga, ka aika a nemo rago. Ka sha ruwa, ka zauna, Baba Habu. Babu wanda ya taso daga Yamai. Ban taɓa wuce Magaria ba, ita ma sau biyu. Ba ni da mashin, ba ni da mai buga shi. Jakin ma na aro ne. Hatimin da ke ƙasan takardar nan gindin kofin shayi ne na tsoma a tawada.

Ni ne Lawali, ƙanin Issufu, autan Hajo. Ɗan abokinka marigayi Mamman, wanda kuke cin tuwo a akushi ɗaya kafin ka koma birni. Ni ne na ɗaure wa ladan takalmansa biyu wuri ɗaya, ni ne na sa wa ɗan biro ƙadangare a jaka, duk gari ya sani. Kuma ni ne na yi kukan kwaɗo ranar nan. Da na rufe bakina, wataƙila da ka saurari tsoho. Na sa gari ya yi dariya, uwata ta biya da gonarta, yayana da kansa, Buba da haƙoransa. Na je na durƙusa gaban Baba Ɗan Jimma, ya ce ya yafe, amma yafiyarsa ba ta tuge turke.

Na san yin shigar babban mutum laifi ne. In ka ga dama ka turo gardin gwamnati su kama ni, ina gida, ba zan gudu ba. Roƙona ɗaya, su biyo ta sabon burtali.

Ranar Lahadi babu mai mota da zai jira ka a bakin kwari. Iya ce za ta tsaya, da Jauro, da tsoho a kan jaki, da samari biyu waɗanda har yanzu, in Allah ya so, suna da rai. Jama'ar kasuwa da na masallaci sun ji cewa da babban mutum ne ya kira ka, da ka zo tun asuba. Yanzu suna jira su ga ko za ka zo wa Hajo.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya raba ka da ranar da za a aiko maka da labarin da ba ya gyaruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya riƙe ruwan nan har ka iso.

Wassalam.

Ɗanka, Lawali na Hajo, Zangon Aduwa. Mai kukan kwaɗo.