Auren da Aka Buga wa Hatimin Gwaji

Saratu Manasseh,
Bayan Injin Niƙa, Nukkai,
Jalingo, Jihar Taraba.
14 ga Maris, 1994.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Tashar Duban Rana,
Hanyar Lau, Jalingo.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HATIMIN GWAJI DA AKA BUGA WA HOTUNAN AUREN JIKATA, DA ƁATAN RANA A TAKARDUN OFISHINKA

Da a kan tabarma muke, sai in ce gatanan gatananku, ka ce ta zo mu ji ta. Amma ofis ba tsakar gida ba ne, saboda haka na amsa maka da kaina, ga ta nan ta zo.

Bayan gaisuwa da ladabi, ni ce kakar Murna, kuma ni na rene ta. Ita ce ta auri ma'aikacinka Tobias, mai kula da madubin nan naku da ke leƙen rana yana ɗaukar hotonta. Rubutun nan hannuna ne, a ajin yaƙi da jahilci na koya, in wani harafi ya yi ɗingishi a yi masa uzuri. Ga kukana bi da bi:

1. Ranar Asabar, 18 ga Disamba, 1993, aka ɗaura auren a coci. Mai hoton da muka yi magana da shi ya tafi wani biki a Lau, har yau muna jiransa. Sai Elvis, abokin aikin ango, ya ɗauko kyamarar tasharku da sabon fim a ciki, ya rufa mana asiri. Ban ce kai ka ba da izini ba, ranka ya daɗe. Na dai ce a hoto na huɗu akwai wani bawan Allah mai kama da kai ƙwarai, zaune dab da tukunyar nama.

2. An fahimtar da ni cewa a dokarku, hotuna goma na farkon kowane fim ba na rana ba ne. Na auna lafiyar na'ura ne. A wasu akan rufe bakin madubin a ɗauki duhu zalla, don a gane tabon da na'ura ke da shi a jikinta, kada gobe a ɗora wa rana laifin. Wannan hikima ce, ban raina ta ba. Ni ma ba na zuba ƙosai sai na jefa ɗan ƙullu a mai na ga yadda ya tashi. Amma nawa na gwajin nakan san shi da ido, ba da lamba ba.

3. Hotunan auren su suka faɗa gurbin goman farko. Da aka wanke fim ɗin ranar 7 ga Fabrairu, 1994, magatakardanka Malam Sirajuddeen ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan hatimi mai Turanci a sama, Hausa a ƙasa: GWAJI NE, BA NA GASKIYA BA. Ba a baya ya buga ba, a fuska. Ɗaya ya sauka a farar rigar amarya, ɗaya a kan Littafin da ke hannun fasto, ɗaya a goshina, ni da na ga jika. Na je na same shi da girmamawa na tambaye shi ko bai ga mutane a ciki ba. Ya ce ya gani sarai, har ya gane ɗankwalina, amma doka ba ta ce a duba ba, cewa ta yi a buga.

4. Da Elvis ya koma tasha da azahar ɗin ranar bikin, ya mayar da kyamara kan madubi, ya rufe bakin madubin ya ɗauki hotunan duhu yadda aka koya masa. Su kuma suka faɗa daga na goma sha ɗaya zuwa gaba, Malam Sirajuddeen ya buga musu shuɗin hatimi, RANA TA GASKIYA, aka aika babban ofishinku. Daga can aka rubuto ana tambayar dalilin da ya sa rana ba ta fito a Jalingo ranar 18 ga Disamba ba, kuka liƙa takardar a allon sanarwa inda duk mai wucewa zai karanta. Ranka ya daɗe, ranar ta fito. Ta fito har ta narkar da kek ɗin amarya, ta sa matan zumuntar coci suka sha randa biyu.

5. Ango yana da gwaggo, sunanta Rose, wadda tun farko wata ta so masa. Hoto ɗaya ya shiga hannunta, labarin allon sanarwa ya shiga kunnenta. Tun daga nan ba gidan suna, ba gidan makoki, ba layin famfo da ba ta kai shi ba, daga Nukkai har Abbare. Cewa take ba ita ta faɗa ba, gwamnati ce ta rubuta: auren na gwaji ne, kuma ranar da aka ɗaura shi ko rana ta ƙi fitowa ta shaida. Yanzu in Murna ta shiga kasuwa, masu tumatir tambayarta suke yaushe za a yi na gaskiyar. Tobias kuwa, maimakon ya tsawatar, sai ya yi dariya. Dariyar nan ce ta kwaso mini jikata da akwatinta ranar 20 ga Fabrairu, ta ce ba ta komawa sai ta ga hoton aurenta ba jan tambari.

6. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, an ce mini duk fim ɗin da aka yanke a matsayin na gwaji, ƙona shi kuke yi a ƙarshen kowane wata uku na shekara, wato 31 ga Maris ɗin nan. In wuta ta ci shi, ba sauran inda za a sake wanko hoto mai tsabta. A ciki akwai hoton ƙarshe na yayana Maishanu, wanda ya yi rawa a bikin ya rasu a Janairu. Shi ma an buga masa ba na gaskiya ba ne.

Halin da ake ciki yau ke nan: Murna tana ɗakina tana cinye mini tsamiya. Tobias yana kwana shi kaɗai, dariya ta ƙare. Elvis yana canza hanya in ya hango ni. Rose ta kai hoton an sa masa gilashi. Malam Sirajuddeen yana nan lafiya da hatiminsa biyu.

Saboda haka ina roƙon mai girma, cikin ƙanƙan da kai:

Na ɗaya, a cire fim ɗin auren daga kayan da za a ƙona kafin 31 ga wata, a wanko mana sababbi, a kuma ɗaure hannun magatakarda har su fita daga ofis.

Na biyu, a rubuta wa babban ofis cewa duhun nan na murfin madubi ne, a mayar wa Jalingo ranarta, a liƙa amsar a allon nan dai, da manyan baƙaƙe, domin idon Rose ba ya ganin ƙanana sai in na tsegumi ne.

Na uku, daga yau mai ɗaukar hoto ya rubuta gwaji ko gaskiya a lokacin da ya ɗauka, kada a bar wa lamba ta yanke hukunci.

Na huɗu, kada a taɓa aikin Tobias ko na Elvis, albarkacin bawan Allahn nan na hoto na huɗu, wanda har yanzu ban gane shi ba.

In kuwa ofishinka ya tsaya a kan cewa auren na gwaji ne, to ina sanar da kai a hukumance cewa gwajin ya yi kyau. Ungozoma ta duba ta ce sakamakon zai fito a watan Satumba, in Allah ya yarda. Za mu gayyace ka suna, amma Malam Sirajuddeen ya bar hatiminsa a ofis.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Ni ce taka mai biyayya,

Saratu Manasseh,
Kakar amarya ta gaskiya.